"Da Sauƙi": Kalmar da Ke Ɓoye Ciwo Bayan Aikin Karaya

Ƙarfe biyu na dare ya gota, ɗakin maza ya yi tsit, ban da ƙarar fanka da nishin wani dattijo a gadon ƙarshe. Ƙanena na kwance, ƙafarsa ta hagu a naɗe da bandeji tun daga gwiwa har idon sawu, an ɗora ta kan matashi. Da azahar aka fito da shi daga ɗakin tiyata, bayan likitoci sun zura ƙarfe a cikin ƙashin ƙwaurinsa, wanda ya karye a karon da babur ɗinsa ya yi da wata mota a hanyar dawowa daga kasuwa. Ni kuwa ina kan tabarma a gefen gado, barci na fizgata, hankalina a kwance. An yi aiki, likita ya ce an dace, a ganina sai godiya.

Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta shigo zagaye da 'yar tocila a hannu. Dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta tsaya a kansa ta ce, "Sannu ɗana, yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, Sista."

Ba ta wuce ba. Ta haska fuskarsa, ta ga gumi na tsattsafowa a goshi alhali garin da sanyi. Ta dubi hannunsa, ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun fito. Ta ɗaga takardar magani ta ga ba a yi awa biyu da yi masa allurar kashe zafi ba. Sai ta koma wajen ƙafar, ta kama babban yatsa ta lanƙwasa shi a hankali. Ƙarar da ya saki ta tashi duk wanda ke ɗakin.

Nan take ta warware bandejin, ta janye matashin, ta aika a taso likita. Kafin kiran asalatu an mayar da shi ɗakin tiyata, aka tsaga naman ƙafar ta gefe biyu domin kumburin da ya shaƙe ta ya sami wurin sakewa. Daga baya likitan ya shaida mini cewa da an jira gari ya waye, da wuya a ceto ƙafar. Yau shekara huɗu ke nan, yaron yana tafiya da ƙafarsa, har ƙwallo yake bugawa. Likita ne ya haɗa ƙashin, amma idon matar nan ne ya hana a yanke ƙafar. Tun daga daren nake ɗaukar jinyar bayan aiki da nauyin da nake ɗaukar aikin kansa.

Inda karayar ke fitowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗanda ke tsira da rauni sun kai miliyan 20 zuwa 50. A cikinsu ne masu karayar cinya da ƙwauri da ƙugu suke, mafi yawansu samari masu neman abinci, waɗanda gida guda ke dogaro da su.

A ƙasar Hausa babur ne kan gaba. Ko da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a farkon 2013, babur bai bar hanyoyin karkara ba, ga kuma a-daidaita-sahu da motocin kasuwa da ake cika wa kaya mutane su hau sama. Bayan haɗarin hanya akwai faɗowa daga mangwaro ko giginya, da ruftawar gini ko rijiya, da santsin banɗaki da ke karya ƙugun tsofaffi. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare kuma akwai harsashi, wanda ke farfasa ƙashi ya bar rauni a buɗe.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, sun daɗe suna karɓar irin waɗannan raunuka, haka ma asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Abin da mutane ke kira "an sa masa ƙarfe" iri-iri ne. Akwai doguwar sandar ƙarfe da ake zurawa ta cikin ramin ɓargo, dabarar da likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fito da ita a 1939. Akwai fallen ƙarfe da ake ɗorawa a jikin ƙashi a ɗaure da ƙusoshi. Akwai kuma ƙarafan waje, waɗanda tsinkayensu ke ratsa fata su riƙe ƙashi, ana amfani da su idan rauni ya buɗe ko ya ƙazantu. Kowanne daga ciki awa ɗaya zuwa uku ake yi a kansa a ɗakin tiyata. Ƙashin cinyar babban mutum kuwa yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya kama sosai. Ƙarfen riƙo kawai yake yi, jiki ne ke ɗinke kansa. Duk tsawon wannan lokaci maras lafiya yana hannun ma'aikatan jinya, daga baya kuma hannun 'yan uwansa.

Kwana ukun farko

Da zarar an turo maras lafiya daga tiyata, nas takan fara da numfashi, bugun zuciya, awon jini da zafin jiki, a kai a kai da farko, sannan a riƙa tsawaita tazara idan komai ya daidaita. Dalili shi ne jini. Karayar cinya kaɗai na iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin nama ba tare da an ga ɗigo a waje ba, karayar ƙugu kuwa ta fi haka. Saurayi mai ƙarfi yakan daɗe awon jininsa bai faɗi ba, sai dai bugun zuciya ya riƙa sauri, hannu ya yi sanyi, fitsari ya ragu. Shi ya sa ake auna abin da ya taru a jakar fitsari, ake kuma duba yadda bandeji ke jiƙewa. Wanda aka yi wa allurar baya kuma ana bibiyar lokacin da ƙafafunsa za su farfaɗo, da ko fitsari ya riƙe.

Sai duban gaɓar da aka yi wa aiki. Nas za ta taɓa yatsu ta ji ko da ɗumi, ta danna farce ta saki ta ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu, ta lalubi bugun jijiya a bayan ƙafa, ta ce wa maras lafiya ya motsa yatsunsa, ta shafa su ta tambaye shi ko yana ji. A baƙar fata ba a saurin ganin canjin launi, don haka farce da tafin ƙafa ake dubawa, a kuma gwada da ɗaya ƙafar mai lafiya.

Abin da ya sami ƙanena shi ne babban abin tsoro a wannan lokaci. Tsokokin ƙwauri a cikin ɗakuna huɗu suke, kowanne kewaye da tantani mai tauri da ba ya miƙewa. Idan nama ya kumbura ko jini ya taru a ciki, matsi yakan ƙaru har ya toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta fara mutuwa. Cikin kamar awa shida ɓarnar kan zama wadda ba ta gyaruwa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana irin shanyewar gaɓar da wannan ke haifarwa tun 1881. Alamar farko ta wannan shaƙewar tsoka ita ce ciwon da ya wuce misali, wanda ke ƙaruwa duk da magani, yake kuma tsananta idan an lanƙwasa yatsu. Wanda ya jira sai ƙafa ta yi sanyi ko bugun jijiya ya ɓace ya makara. Ɗauri ko simintin da ya matse ma yana jawo haka.

Akwai kuma kitsen ɓargo, wanda kan shiga jini bayan karayar dogon ƙashi ya isa huhu da ƙwaƙwalwa, galibi tsakanin awa 24 zuwa 72. Saurayin da ke hira lafiya lau sai a ga ya fara haki, yana sambatu, wani lokaci ƙananan ɗige-ɗige su fito masa a ƙirji da hammata. 'Yan uwa kan ɗauka zafin ciwo ne ko shafar iska. Nas da ta san aikinta za ta sa masa iskar oksijin ta kira likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

An yi mana tarbiyya a kan haƙuri da dauriya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Namiji ba ya raki, babba ba ya kuka a gaban yara, Bafulatani kuma yana da nasa pulaku da ke hana shi nuna gazawa. Ko mutum na gab da suma, idan aka ce "yaya jiki", amsar ita ce "da sauƙi" ko "alhamdu lillahi". A gaisuwa wannan ladabi ne da kyakkyawan fata. A gaban mai magani kuwa yana rufe ƙofar da taimako zai shigo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya gode wa Allah sannan ya faɗa wa nas cewa ƙafarsa na zugi bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

Ciwon da aka bari ba magani yana da illa ga jiki. Yana sa zuciya ta yi sauri, jini ya hau, sukari ya hau. Yana hana barci da cin abinci. Mai jin zafi ba ya jan dogon numfashi, ba ya tari, sai majina ta kwanta a huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Ba ya yarda ya motsa, sai jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gwiwa ta sandare. Bincike ya kuma nuna cewa tsananin ciwo a kwanakin farko na cikin abubuwan da ke sa ciwo ya zauna wa mutum watanni ko shekaru bayan ƙashi ya warke.

Babu na'urar da ke auna zafin ciwo kamar yadda ake auna zazzaɓi. A 1968 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Margo McCaffery, ta kafa ka'idar da ake koyarwa a makarantun jinya har yau: maganar mai ciwo ita ce ma'auni, abin da ya ce yana ji shi za a ɗauka. Daga nan ne aka saba tambayar maras lafiya ya ba ciwonsa lamba daga sifiri zuwa 10, sifiri babu ciwo, 10 mafi tsananin da zai iya tunani. Yara da waɗanda lissafin bai zauna musu ba ana nuna musu zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka. Na ga nas da ke tambayar wani dattijon ƙauye da kuɗi: "Baba, idan ciwon jiya naira goma ne, na yanzu nawa ne?" Ya yi shiru kaɗan ya ce bakwai. Amsar ta ishe ta aiki.

Hausa kuma ba ta rasa kalmomin da ke taimakon mai magani. Zugi daban, raɗaɗi daban, suka daban. Wanda ya ce ƙafarsa na zugi kamar ana buga ganga, wataƙila kumburi ne ko mugunya ta fara taruwa. Wanda ya ce yana jin ƙuna ko fizga kamar wutar lantarki, ko kamar tururuwa na tafiya, jijiya ce ta taɓu, kuma maganinta daban ne. Wanda ya ce naman cinyarsa na murɗewa, tsoka ce ke ɗaurewa. Tambayar kirki ita ce: a ina, wane iri, tun yaushe, me ke tayar da shi, ya hana ka barci, za ka iya juyawa? Sannan a dawo bayan rabin awa ko awa ɗaya da ba da magani a sake tambaya, a rubuta.

Magani a kan lokaci

Ka'ida ta farko ita ce kada a jira ciwo ya taso. A kwanakin farko ana ba da magani bisa agogo, kowace awa shida ko takwas gwargwadon irinsa, domin kashe wuta tun tana ƙarama ya fi sauƙi. Ana kuma ƙara wani kafin abin da aka san zai yi zafi, kamar wankin rauni ko tashin farko daga gado.

Ka'ida ta biyu ita ce haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, domin a rage yawan kowanne da illarsa. Farasitamol shi ne tushe. Mutane na raina shi don arharsa, amma idan aka sha shi a kan ƙa'ida yana rage buƙatar manyan allurai. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, domin wuce haka na lalata hanta. Sai irin su ibuprofen da diclofenac masu rage kumburi, waɗanda ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko wanda ya zubar da jini da yawa ba, ana kuma taka-tsantsan da su ga tsofaffi. Idan ciwo ya tsananta sai a hau zuwa masu ƙarfi: tramadol, pentazocine wadda ita aka fi yi a asibitocinmu, da mofin. Inda akwai ƙwararren likitan sa barci, yakan yi allurar kashe jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga cinya ko ƙafa, maras lafiya ya yi awanni cikin natsuwa.

Masu ƙarfin nan suna buƙatar ido. Suna sa tashin zuciya, ƙaiƙayi, taurin bayan gida da barci, kuma idan suka yi yawa suna danne numfashi. Don haka nas ke ƙirga numfashin wanda aka yi wa, tana kuma duba ko yana farkawa idan an kira shi. Akwai allurar naloxone da ke karya su idan aka kai ga haka, kuma ya kamata a ce tana cikin kowane ɗakin da ake ba da su.

A nan ne muke tsakanin ramuka biyu. Najeriya ta ga abin da tramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Tsoron da wannan ya haifar ya sa wasu iyaye na hana a yi wa ɗansu allura, wasu ma'aikata kuma na ƙanƙame magani. A ɗaya gefen, kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin ɗin da ake rabawa a duniya. Ƙwaya ta yi yawa a kan titi, ta yi ƙaranci a gefen gadon wanda aka buɗe wa cinya. Hanyar tsira a bayyane take: a ba da magani mai ƙarfi a asibiti, a ƙarƙashin kulawa, na 'yan kwanaki, a riƙa ragewa yayin da ciwo ke sauka. Haɗarin yana wurin wanda aka sallama ya koma kyamis yana sayen tramadol, ko yana neman mai yi masa pentazocine a gida wata da watanni, har jiki ya saba, wuraren allurar su taurare su zama gyambo.

Ba kowane sauƙi ne ke fitowa daga kwalba ba. Ɗaga gaɓa a kan matashi yana rage kumburi, muddin ba a zargin shaƙewar tsoka. Ƙanƙara a cikin tsumma, gyara kwanciya, riƙe ƙafar da kyau lokacin juyawa, duk suna taimakawa. Haka ma bayani: wanda aka gaya wa abin da za a yi masa da dalilinsa ya fi wanda aka afka wa ba sallama jurewa. Karatun Alƙur'ani a kunne, rediyo, da zaman wanda yake ƙauna kusa da shi suna kwantar da tsoro, tsoro kuwa yana ƙara wa ciwo kaifi.

Sai maganar kuɗi. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Iyalin da suka sayar da akuya ko gona suka biya kuɗin ƙarfe da tiyata, idan aka miƙo musu takardar magani sukan zaɓi maganin ƙwayoyin cuta su bar na ciwo, a ganinsu wannan ana iya daurewa. Ya kamata asibitoci su sa maganin ciwo na kwanakin farko a cikin kuɗin aiki tun daga farko, kada ya zama abin da ake fita nema tsakar dare.

Gado ma yana da nasa ciwon

Doguwar kwanciya na cin jiki. Inda ƙashi ke danne fata a jikin katifa, wato dunduniya, gindin baya da gefen ƙugu, jini kan tsaya, fata ta mutu, gyambo ya buɗe. Ga tsoho ko ramamme 'yan awanni sun isa a fara. Maganinsa juyawa duk bayan awa biyu, ɗage dunduniya daga katifa, da tsabtace jiki daga gumi da fitsari. A baƙar fata wurin ba ya yin ja, sai dai ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, don haka hannu ke ganowa kafin ido.

Daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa ita ce ta biyu. Alamarta kumburi da zafi a sha-raɓa ko cinya. Idan gudan jinin ya ɓalle ya isa huhu, mutum na iya faɗuwa nan take. Saboda haka ake yi wa masu karayar cinya da ƙugu allurar tsinka jini, ake sa su motsa idon sawu sama da ƙasa ko suna kwance, ake matsa musu su sha ruwa. Kada mai jinya ya matsa wa irin wannan kumburi da sunan tausa.

Ta uku ita ce ƙwayar cuta. Idan ta shiga ƙashi, musamman inda akwai ƙarfe, fitar da ita kan ɗauki watanni da tiyata fiye da ɗaya. Wanke hannu kafin taɓa rauni, tsabtataccen kayan wanki, share gindin tsinkayen ƙarafan waje, allurar rigakafin sandarewar wuya ga mai buɗaɗɗen rauni, da cire robar fitsari da zarar an daina buƙatarta, su ne katangar. Zazzaɓi bayan kwana uku zuwa biyar ba lallai na cizon sauro ba ne, a buɗe rauni a duba.

Duk waɗannan suna raguwa idan maras lafiya ya tashi da wuri. Amfanin sa ƙarfe ke nan: mutum ya zauna a bakin gado washegari ko bayan kwana biyu, ya miƙe da sanduna a hannun masu gashin ƙashi, ya taka gwargwadon abin da likita ya yarje. Wanda ciwo ya ɗaure ba zai iya ba. Shi ya sa kashe ciwo da tashi daga gado suke tafiya tare.

Masu jinya da masu dubiya

A asibitocinmu ɗan uwa ne ke kwana a gefen gado, shi ke kawo abinci, shi ke zubar da fo. Idan aka koya masa abin da zai lura da shi, ya zama ido na biyu ga nas. Minti biyar sun isa a nuna masa yadda ake danna farce, yadda ake juya mai karaya, da alamun da za su sa ya ruga ya kira. Abinci ma a hannunsa yake: ƙashi da nama na buƙatar wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, zogale da miyar kuka, da 'ya'yan itace don sassauta ciki. Mai shan sigari ya ajiye, domin hayaƙi na jinkirta kamawar ƙashi. Mai ciwon sukari a kula da awonsa.

Ibada na damun marasa lafiya fiye da yadda suke faɗa. Na ga wanda ya jiƙa bandejinsa garin alwala. Malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, da taimama, da salla a zaune ko a kwance, an kuma ɗauke wa maras lafiya azumi ya rama daga baya. Nas da ta tuna masa wannan ta sauke masa nauyi.

Dubiya sunna ce kuma zumunci ne, amma mutum goma a kan gado ɗaya, kowa na taɓa ƙafa, wani na zama a bakin katifa, yana hana hutu yana kawo cuta. A cikin masu dubiyar ne kuma ake samun mai cewa a ɗauke shi a kai wa mai ɗori a gari kaza. Masu ɗori sun daɗe suna hidima a inda babu asibiti, kuma jama'a sun yarda da su. Likitancin ƙashi na zamani ma yana da saiwa a can: Hugh Owen Thomas na Birtaniya, wanda ya rasu a 1891, daga gidan masu ɗori ya fito, kuma ƙarfen tallafar cinya da ya ƙera ya rage mutuwar sojoji masu karayar cinya a Yaƙin Duniya na Farko daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Amma ɗaurin kara da aka tamke a kan gaɓa mai kumburi yana haifar da irin shaƙewar da ta kusa cin ƙafar ƙanena, kuma likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke hannuwan yara saboda shi. Gaɓar da aka yi wa tiyata kuwa ba ta da abin yi a wurin ɗori. Sau da yawa ciwon da ba a kashe ba da bayanin da ba a yi ba ne ke korar mutane daga asibiti.

Hannun da ke aikin

Duk abin da aka lissafa yana buƙatar mutum mai lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, akasari a ƙasashe irin namu. A 2024 majalisar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wadda ta rage ita kaɗai a ɗaki mai gado ashirin ko talatin da dare ba za ta iya duba yatsun kowa duk awa ba, komai kishinta. Idan ana son ƙafafu su tsira, sai an ɗauki ma'aikata, an biya su abin da zai zaunar da su, an horar da su a fannin ƙashi, an kuma sa awon ciwo a jikin takardar da ake rubuta zafin jiki da awon jini, ya zama dole a cike shi.

Ranar sallama kuma kada a bar kowa ya fita sai ya san magungunansa da ranar daina su, nauyin da zai ɗora wa ƙafar, ranar cire zare da ranar sake hoto. Ya kuma san abin da zai dawo da shi ko da tsakar dare ne: ciwon da ke ƙaruwa, yatsu su yi sanyi ko su mutu, zazzaɓi, wari ko ruwa daga rauni, kumburin sha-raɓa, haki ko ciwon ƙirji.

Bayan ƙanena ya warke na tambaye shi me ya hana shi faɗa a daren nan. Ya ce, "Yaya, na ga ka gaji, ita ma Sista ita kaɗai ce. Kuma na ɗauka haka ake ji." Kunya da tausayi ne suka rufe masa baki, halaye biyu da muke yabo. Tun daga lokacin, idan na je dubiya nakan yi gaisuwar kamar kowa, in karɓi "da sauƙi" in ce Allah ya ƙara sauƙi. Sannan in matsa kusa in rage murya in ce: tsakaninka da Allah, ina ne yake maka ciwo, kuma ka gaya wa Sista?